Harɗaɗɗun sunaye a Ingilishi: daga ƙarshe ake karanta su

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina ajin Première, wato aji na biyun ƙarshe a sakandare, bana zan zauna jarrabawar Probatoire da ake yi a ƙarshen ajin. Da Faransanci muke karatu, Ingilishi darasi ɗaya ne cikin darussa. Abin da ke rikita ni shi ne sunaye biyu da ake jerawa ba komai a tsakaninsu. Na rubuta "oil palm" ina nufin manja, aka soke. Na rubuta "a ten-kilos bag", shi ma aka soke. Ina kuskuren yake?

Amsa: Barka kadai, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Harsuna biyun da kika fi ƙwarewa a cikinsu ne suka haɗu suka ja ki. Hausa da Faransanci duka suna fara ambaton abin da ake magana a kansa, bayaninsa ya biyo baya: katin shaida, "carte d'identité". Ingilishi kuwa bayani yake gabatarwa, ainihin abin ya zo a ƙarshe: "identity card". Saboda haka duk inda kika ga sunaye a jere, fara da na ƙarshe, shi ne abin, na gabansa yana faɗa miki wane iri ne.

"Palm oil" mai ne, wato manja. "Oil palm" bishiya ce, kwakwar da ake samun manjan daga gare ta. Kin rubuta bishiya a inda ake son mai. Haka "horse race" sukuwa ce, "racehorse" kuma dokin sukuwa.

Ga wanda ya fi kusa da ku mutanen Garwa, inda hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take tun kafa shi a 1974. Audugar da manomi yake kaiwa awo, wadda ba a gurza ba, ita ce "seed cotton". Bayan an gurza, abin da ya fita ake matse mai da shi, wato angurya, shi ne "cottonseed". Kalmomin ɗaya ne, jerin ne ya juya, amma kaya biyu ne masu farashi daban. Idan jerin ya yi tsawo, dokar ba ta canzawa, sai ki bi su daga dama zuwa hagu: "cottonseed oil price" farashin man angurya ke nan.

Kuskurenki na biyu daga nan ya samo asali. Sunan da ya zo gaba aikin sifa yake yi, sifa kuma a Ingilishi ba ta ɗaukar alamar jam'i, saɓanin Faransanci. Don haka "a ten-kilo bag", "a two-hour journey", "a five-year-old boy". Ko buroshin haƙori "toothbrush" ake cewa, alhali ba haƙori ɗaya yake wankewa ba. Amma idan adadin ya koma bayan aikatau, jam'in yana dawowa, karan ɗori (-) kuma ya faɗi: "the bag weighs ten kilos", "the boy is five years old". Masu tsara jarrabawa suna son wannan wurin ƙwarai, sukan ba da jimla ɗaya su ce a juya ta zuwa ɗayar.

Akwai 'yan kaɗan da suke riƙe harafin s ɗinsu, sai dai a haddace: "customs officer", "savings account", "clothes shop", "sports car". Idan za ki mai da harɗaɗɗen sunan gaba ɗaya jam'i, kan ainihin abin ake ɗora alamar: "shoe shops". Shi ya sa surukai mata "mothers-in-law" ne, domin a nan uwar ce ainihin, kuma ita ta zo farko.

Kunne ma yana da aiki. A harɗaɗɗen suna yawanci kalmar farko ake dannawa da murya. "Blackboard" da nauyi a farko allon aji ne, ko da kore ne launinsa. "Black board" da nauyi a kan ta biyu kowane baƙin katako ne. Wanda ya saba da Faransanci yakan kai nauyin ƙarshe, sai mai sauraro ya ji wani abu daban.

Batun a haɗe za a rubuta, ko a rabe, ko da karan ɗori, babu wata doka da ta rufe shi duka, kuma Ingila da Amurka ma sukan saɓa. Ƙamus ne alƙali, kada ki ɓata lokaci wajen neman dalili. Wuri ɗaya ne za ki iya dogara da shi: a kalmomi irin su "break down", aikatau a rabe, suna a haɗe ko da karan ɗori. "The car will break down" mota za ta lalace, "a breakdown" lalacewar kanta. Haka "every day" a rabe na nufin kowace rana, "everyday" a haɗe sifa ce, kamar a "everyday clothes", kayan sawa na yau da kullum.