Hukuncin shigar da yaro gasar kiɗan Turai ta matasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a Biyana, ƙasar Ostiriya. Ɗana mai shekara 14 yana koyon biyolin, wato gogen Turawa. Malaminsa ya ce yana da baiwa, yana so ya fara shirya shi don gasar Eurovision Young Musicians. Kiɗa ne zalla, ba waƙa, ba rawa, ba batsa. Ya halatta in amince? Kallonta a talabijin fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya shirya maka zuri'a.

Gasar nan ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce ke shirya ta duk bayan shekara biyu, tun farawarta a Manchesta a 1982. A 2024 an yi ta a Bodø ta ƙasar Norwe, wani matashi ɗan Ostiriya mai biyolin ya lashe. Don haka ban yi mamakin ƙwarin guiwar malamin ɗanka ba.

Hujjar da ka kawo, cewa babu waƙa babu batsa, ba ta taɓa inda matsalar take ba. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗan ne su kansu. Jumhur, wato mafi yawan malamai, na mazhabobi huɗu sun haramta masu tsirkiya da na busa, suka keɓe ganga mai fuska ɗaya, wato duffi, a biki da ranar idi, saboda hadisin Nana A'isha kan 'yan mata biyu da suka yi waƙa a ɗakinta. Babbar hujjarsu hadisin Bukhari ne da ke cewa za a samu wasu daga al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. A Risala ma, wadda muka tashi a kanta, Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta mutum ya saurari kayan kiɗa da waƙa da gangan ba.

Amma amana ce in faɗa maka ɗaya ɓangaren. Ibn Hazm ya raunana hadisin nan na Bukhari, yana ganin isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi, a yanke yake, ya halatta kiɗa. Ibnus Salah ya yi masa raddi, kuma raddin ya fi ƙarfi a wurina. Daga malaman zamani, Shaihu Mahmud Shaltut da Shaihu Yusuf Ƙardawi sun halatta da sharuɗɗa. Imamu Gazali, da ake yawan jinginawa gare shi, ya sassauta a kan waƙa, sai dai ya hana masu tsirkiya, kuma biyolin a cikinsu yake. Saboda wannan saɓani ba na fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ra'ayin bisa ilimi.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: kada ka amince da shirin gasar. Darasin kiɗa da makaranta ta ɗora wa kowane ɗalibi daban ne, a nan akwai uzuri. Gasa kuwa zaɓinka ne, kuma ba a kaiwa matakinta sai da atisayen sa'o'i kullum na shekaru. Ka ga ke nan sana'a za ka gina wa yaro a kan abin da mafi yawan malamai suka haramta, ba kuma wata larura.

Batun kallo, akwai bambanci tsakanin ji da sauraro. Abin da ya shiga kunnenka ba da nufi ba babu laifi. Zama musamman a kalla, hukuncinsa na sauraro ne, barinsa shi ne daidai.

Sannan ɗan'uwa, kada ka fizge gogen daga hannunsa da faɗa. Yaro mai shekara 14 a Turai, in ka matsa masa, sai ka rasa shi gaba ɗaya. Ka zaunar da shi, ka nuna masa hujjojin nan kamar yadda na kawo su, har da saɓanin. Kunnen da ke rarrabe sauti haka, ka gwada shi a wurin malamin tajwidi.

Wallahu a'alam.