Kocin Alabama da kujerar Bryant

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai me ya sa ake ta surutu kan kocin wata jami'a a Amurka kamar an yi sabon sarki. To bari in yi murya, rubutu ba zai ɗauke shi ba.

Da farko dai wannan ba ƙwallon da muka sani ba ce, ƙwallon Amurkawa ce, wadda ake rungume ta a hannu, 'yan wasa da hular kwano suna ture juna. Kuma kada kalmar jami'a ta ruɗe ka. Filin Jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa yana cin mutum wajen dubu 100. Jihar ba ta da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta NFL, shi ya sa mutanen can suka ɗauki ƙungiyar jami'ar tamkar gadon gidansu.

Wanda ya fara ɗaga su shi ne Wallace Wade, ya ci kofin ƙasa na jami'o'i a 1925, 1926 da 1930. Frank Thomas ya biyo shi, shi ma ya taɓuka. Amma dattijon da har gobe ake auna kowa da shi shi ne Paul Bryant, wanda suke yi wa laƙabi da Bear. Daga 1958 zuwa 1982, shekara 25 cur, kofin ƙasa shida. Abin mamaki, ya jagoranci wasansa na ƙarshe a ƙarshen Disamba 1982, sati huɗu kacal bayan nan, ranar 26 ga Janairu 1983, ciwon zuciya ya ɗauke shi.

To a nan labarin yake, Malam. Ku 'yan Man U kun san abin da ya biyo bayan Ferguson, ba sai na fama muku ciwo ba. Daga 1983 zuwa 2006 koci bakwai aka naɗa. Ray Perkins ya yi shekara huɗu ya koma NFL. Bill Curry ya ci wasa goma a 1989, amma a shekara ukun da ya yi ko sau ɗaya bai doke Jami'ar Auburn ba, su ne abokan hamayyarsu na cikin jiha, kuma mutanen Alabama ba sa yafe wannan. Ya tattara ya koma Jami'ar Kentucky. Gene Stallings kaɗai ya kawo kofi, a 1992, shi kuwa dama yaron Bryant ne, a hannunsa ya yi wasa. Akwai ma Mike Price, an naɗa shi, aka sallame shi a 2003 bai jagoranci ko wasa ɗaya ba.

Sai Nick Saban a 2007, daga ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL. Shekarar farko ba yabo ba fallasa, har wata ƙaramar makaranta, Louisiana-Monroe, ta zo gida ta doke su. Daga nan fa sai ya buɗe wuta: 2009, 2011, 2012, 2015, 2017, 2020. Shida, daidai da Bryant, ga kuma wanda ya ci a Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2003, bakwai ke nan. Ni a ganina ya fi Bryant, domin a zamaninsa dole ka ci wasan ƙarshe a fili, lokacin Bryant kuwa ƙuri'ar 'yan jarida da ta kociyoyi ce ke ba da kofi. Dattawan can ba za su yarda da ni ba.

Saban ya ajiye aiki a Janairu 2024, aka kawo Kalen DeBoer daga Jami'ar Washington. Shekararsa ta farko ya ci tara, aka ci shi huɗu, har Jami'ar Vanderbilt da ake rainawa ta doke shi. A wata jami'ar da an yi masa walima, a Alabama kuwa tun a lokacin aka fara gunaguni. Ga shi kuma a ƙofar filin an kafa mutum-mutumin kociyoyi biyar da suka ci kofi, duk ranar wasan gida sai ya wuce ta gabansu kafin ya shiga.