Matata ce ke ciyar da gida: har yanzu ni ne maigida?

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni magidanci ne a Sabon Garin Zariya, shekarata 41, 'ya'yanmu uku. Wata goma sha huɗu ke nan da aka sallame ni daga aiki. Matata nas ce, albashinta ne ke biyan haya da cefane da kuɗin makarantar yara. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma na daina tashin iyali addu'ar safe, don ina jin ba ni da bakin magana. Abu kaɗan sai in hau ta da faɗa. A majalisa an fara ce mini mijin-ta-ce, wani ɗan'uwa a coci kuma ya karanta mini 1 Timoti 5:8, wai wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Baba, a gaban Allah har yanzu ni ne shugaban gidan nan? Daga wani ɗanka a Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, sau uku na karanta wasiƙarka. A na ukun na kira Mama, wato matata, na karanta mata, domin ta san labarin nan fiye da ni. Bari in ba ka nawa kafin mu buɗe Littafi.

Bayan gwamnatin Babangida ta kawo SAP, shirin nan na tsuke bakin aljihu, a 1986, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Ni abin ya iso kaina a 1988. Ranar wata Juma'a aka miƙo mini takarda, na ninke ta na cusa a aljihu, ban gaya wa kowa ba. Ranar Litinin na yi wanka, na sa riga mai guga, na hau kekena daga Wusasa har unguwar PZ kamar mai zuwa aiki. Can kusa da tashar jirgin ƙasa nake samun inuwa in zauna, sai la'asar in kamo hanyar gida. Mako bakwai ina haka. Ashe tun mako na biyu Mama ta ji komai a bakin matar wani abokin aikina, bayan an tashi daga Zumuntar Mata. Ba ta ce mini uffan ba. Sai dai na ga ta sayo wake tiya biyu, ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida da asuba. Wani dare, yara sun yi barci, ta ce, "Maigida, tayar keken nan tana cinyewa a banza. Zauna mu yi magana." Na daka mata tsawa. Har gari ya waye ban runtsa ba, kuma abin da ya hana ni barci ƙaryar mako bakwai ce, wadda na yi wa matar da ke tashi ƙarfe huɗu tana niƙan wake domina.

Yanzu ga ayar da aka jefe ka da ita. Ka koma ka karanta surar tun daga aya ta 3. Manzo Bulus yana maganar gwauraye ne, matan da mazajensu suka mutu, da 'ya'ya da jikoki waɗanda suke da hali amma suka jibga wa ikkilisiya nauyin tsofaffinsu. Mai ƙin yi ake tsawata wa a wurin. Kai kuwa nema kake yi ba ka samu ba. Wanda ya ciro aya ɗaya ya soki mutumin da ke cikin rauni bai yi wa Littafi adalci ba, kuma da ni ne dattijon cocinku da na kira shi gefe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje nawa ne a Tudun Wada da Samaru da Sabon Gari ke tsaye a kan albashi ɗaya ko sana'ar mace? Duk mazajensu sun fita daga bangaskiya ke nan?

Akwai wurin da ba kasafai ake wa'azi a kansa a taron maza ba: Luka 8:1-3. Yesu yana zaga garuruwa da ƙauyuka tare da almajiransa sha biyun nan, kuma mata ne ke ɗaukar ɗawainiyarsu daga abin hannunsu. Luka har sunayensu ya kawo: Maryamu Magadaliya, da Yuwana matar Kuza wakilin Hirudus, da Suzana, da waɗansu da yawa. Ubangijinmu ya ci abincin da kuɗin mata suka saya, ikonsa bai ragu ba. Dubi kuma Yusufu kafinta. Ranar da suka kai jariri Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, wato hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa wadda ba ta da halin ɗan rago. A hannun wannan talakan Allah ya damƙa renon Ɗansa. Macen kirki ta Karin Magana 31 ma gona take saya, tana saƙa tana sayarwa, mijinta kuwa yabonta yake yi a fili.

To, amsarka: i, kai ne maigida. Afisawa 5:23 ba ta ɗaura shugabancin miji a kan takardar albashi ba. Sai dai mu maza muna son mu tsaya a aya ta 23, mu ƙi gangarawa zuwa ta 25, inda aka ce mu ƙaunaci matanmu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Shugaban da aka ba mu mu kwaikwaya shi ne wanda ya tuɓe mayafinsa a Yohanna 13, ya ɗaura tawul, ya durƙusa yana wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza.

A nan zan yi maka faɗa irin na uba. Rashin aiki ba zunubi ba ne, amma hawan matarka da faɗa zunubi ne, kuma ka san haka, shi ya sa ka rubuta. Kunya ce ke cin ka a ciki, sai ta fito a matsayin fushi, ta sauka a kan wadda ta fi kusa. Kolosiyawa 3:19 ta hana mu yi musu ɗaci. 1 Bitrus 3:7 ta fi ba ni tsoro, domin ta nuna rashin girmama mace yana iya tare addu'ar miji. Ka yi tunani a kan wannan. Kana roƙon Allah ya buɗe maka hanya, alhali wadda ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya ta dawo gida tana taka ƙasa a hankali don kada ta taɓo ka.

Ka nemi gafararta, da bakinka, ba tare da "amma" ba. Ni sai da na yi kwana uku ina juya maganar kafin ta fito. Da ta fito, Mama ta kunce bakin zanenta ta zube kuɗin ƙosai a kan tabarma, muka ƙirga tare, muka raba na gari da na makaranta da na baiko. Shekara biyu muka yi a haka. Na karɓi aron gona, na noma masara, ina kai 'yan buhunana kasuwar Giwa, ni da a da nake zama a ofis da biro a aljihu. Bulus da kansa ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da matarsa. Duk aikin da ka samu na halal, ko dako ne ko jan Keke Napep na wani, ka kama kafin babban ya zo. Ranar da take aikin dare kuma, kai ne mai wankan yara da ɗora tukunya da raka su makaranta. Ba taimaka mata kake yi ba, gidanka ne.

Majalisar da ake kiranka mijin-ta-ce, ka rage zama a cikinta. Ba su za su biya maka haya ba.

Addu'ar safe kuwa, gobe ka tashe su. Yaranka ba su san nawa ne a aljihunka ba, amma sun lura muryar babansu ta ɗauke.

TAMBAYA: Baba, ni karatuna bai yi nisa ba. Yarana suna sakandare, da Turanci suke karanta Littafi Mai Tsarki. Ina jin nauyin in karanta a gabansu ina tuntuɓe. In bar wa babban ya riƙa yi? Daga wani manomi a bayan Samaru.

AMSA: Ɗan'uwa, wa ya ce sai da Turanci? Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, kuma Likita Mila, wanda ya yi shekaru yana aikin bishara a nan Zariya, yana kan gaba a fassarar, tare da Hausawan da suka taya shi. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, wadda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa a 1929, da harshen nan namu aka yi ta sujada a cikinta. Mahaifina manomi ne kamarka. Da yatsa yake bin layi a gaban fitilar aci-bal-bal, in ya iso suna mai wuya kamar Nebukadnezzar sai ya tsaya, ya sake ɗaukowa daga farko. Ba mu taɓa yin dariya ba, kuma ayoyin da na haddace a bakinsa har yau da muryarsa nake jin su.

Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari ne kuma mai tafiya da sauri. Kai ka karanta aya biyar da Hausa, babban ya karanta su da Turanci, ƙaramar ta ɗauko waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi. Addu'ar rufewa kada ka bar wa kowa. Ka ambaci kowane yaro da sunansa, da jarrabawar da ke gabansa, da gonar, da maƙwabcinku marar lafiya ko Kirista ne ko Musulmi.