Amsa: A ina masu zanen Sakkwato ke koyon sana'arsu?

Malam, ka ce ɗanka ya ƙwallafa rai a kan zane, kana tambayar ta ina masu wannan harka suke farowa a nan Sakkwato. Gaskiya yawancin waɗanda na sani ba a aji suka koya ba.

Da yawa daga makarantar allo suka taso. Akwai wani dattijo a shiyarmu, shi ke yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana. Na sha zama ina kallonsa, ya fere alƙalamin kara da aska, ya jera 'yan kwalaben tawada, baƙa da ja da ruwan ɗorawa, yana jan layi miƙe ba tare da rula ba. Ɗaya daga cikin almajiransa yanzu allunan shaguna yake rubutawa, yana kuma yi wa manyan motoci ado.

Wasu kuma gado suka yi, wato dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don a da ta can ake fitar da ita. Duba adon da ke jikin titimi ko jaka, ai zane ne tsantsa, ko da mutane ba su ɗauke shi haka ba.

In boko kake so masa, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya shi ne ya fi suna a Arewa. Amma da ni ne, sai in fara kai shi wajen mai zayyana lokacin hutu, a ga hannunsa tukuna.