Amsa: na gama PhD a garkuwar jiki, ta ina zan fara neman fosdok (aikin bincike na bayan PhD)?

Malama, barka da kammala digirin, Allah ya sa albarka. Kin ce kina son ci gaba da bincike kan cututtukan kumburi irin su amosanin gaɓɓai da lufus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita), to gaskiya kar ki fara da sunan jami'a, fara da farfesan da ke riƙe da lab ɗin, ki duba takardunsa na kwanan nan, ki ga waɗanda suka yi aiki ƙarƙashinsa ina suka ƙare, don fosdok kwantiragi ne na shekara 2 ko 3 kuma idan girant ɗin oga, wato kuɗin tallafin bincikensa, ya ƙare albashinki ma ya ƙare kenan.

Kuɗi kuwa, akwai tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, sharaɗinsa kada ki wuce shekara 8 kina bincike bayan PhD, kuma kada ki zauna ƙasar da za ki je fiye da wata 12 cikin 36 da suka wuce. A Ingila ki leƙa Kennedy Institute na Oxford, cibiyar da masana Feldmann da Maini suka nuna toshe TNF, wani sinadarin garkuwar jiki mai jawo kumburi, na sauƙaƙa amosani. A Amurka kuwa, yawanci da bizar J-1 ake zuwa fosdok, biza ce ta zaman karatu ko bincike na ɗan lokaci.

Abin da masu lab suke nema a hannunki shi ne aiki: na'urar tantance ƙwayoyin jini ta fulo saitometiri, aikin ɓeraye, da nazarin data da manhajar R, wannan na ƙarshen ki koya tun yanzu wallahi. Imel ɗin da za ki tura musu ya zama gajere, ki ambaci takardarsu ɗaya da tambayar da ta bari a buɗe. In kin taɓa aiki da masu sikila ki faɗa, ai kumburi na cikin tushen ciwon.