Korar mataimakin koci a tsakiyar kaka: tana gyara ƙungiya kuwa?

Malam, ka tambaya ko korar mataimakin koci ana tsakiyar kakar ƙwallon Amurka ta jami'o'i tana kawo gyara, ko dai huce haushin magoya baya ne kawai. A ganina, sau da yawa na biyun ne.

Dubi Oklahoma a Oktoban 2018. Texas ta doke su da maki 48 da 45, sai babban kocin Oklahoma, Lincoln Riley, ya sallami mataimakinsa Mike Stoops, mai kula da 'yan baya, Ruffin McNeill ya riƙe muƙamin na wucin gadi. Oklahoma ta ɗauki kofin Big 12, wato rukunin jami'o'in da take bugawa a ciki a lokacin, har wasu suka ce korar ta yi rana. Amma fa a Nuwamba West Virginia ta zuba musu maki 56, Kyler Murray, mai jefa ƙwallo, da sauran 'yan gaba ne suka fitar da su kunya da 59. A 2023 jami'ar USC ta kori Alex Grinch, mai kula da 'yan bayanta, bayan Washington ta ci su 52 da 42, kuma suka sake faɗuwa a hannun Oregon da UCLA.

Dalili a fili yake: wanda ya riƙe ba ya da lokacin koyar da sabon tsari cikin mako guda, yaran kuma su ne dai.

Inda mutane ke kuskure shi ne yanke hukunci da wasa ɗaya, da mantawa cewa mataimakan nan su ke zawarcin sabbin 'yan wasa daga makarantun sakandare. Yaran na sa hannu kan yarjejeniyar shiga jami'a a Disamba, idan wanda ya shawo kan yaro ya tafi, yaron na iya canja sheƙa.

Batun kuɗin sallama kuwa, ya danganta da kwantiragin kowa. Nan sai ka nemi lauyan harkar wasanni ko ɗan jaridar da ya ga takardar.