Bayan Kimi ni Todoke, me ya kamata ki kalla?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin gama Kimi ni Todoke har zango na uku, kina neman wani anime, wato shirin zane mai motsi na Japan, na 'yan sakandare mai irin sanyinsa, soyayya mai kunya da ƙawance na gaskiya, wanda za ki kalla tare da ƙanwarki ba tare da yatsarki na kan madannin tsallakewa ba. Za a jero miki sunaye da yawa, amma rabinsu kamanni ne kawai na hoton talla, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Abin da ya riƙe mutane a Kimi ni Todoke ba murmushin jarumin, Kazehaya, ba ne kaɗai. Ki tuna kashi na 4 zuwa na 6, lokacin da aka baza jita-jita a kan Ayane Yano da Chizuru, ƙawayen jarumar, Sawako, aka ce daga bakin Sawako ta fito. Sawako ta janye jikinta don kada ta ƙara ɓata musu suna, su kuma suka rasa gane dalilin janyewar, har aka kai ga rigimar banɗakin makaranta inda ta tsaya da ƙafarta ta kare su. A nan labarin ya kafu. Da babu waɗannan ƙawaye biyu, da jan ƙafar da soyayyar ta yi har ƙarshen zango na biyu ya gunduri kowa. To da wannan ma'aunin za ki auna duk abin da aka ba ki: ƙawaye da abokan da ke cikin labarin suna da tasu rayuwar da tasu damuwar, ko an ajiye su ne kawai don su tura jaruma wajen saurayi? Idan na biyun ne, komai kyan zanensa, kafin kashi na 5 za ki ji kin ƙoshi.

Wanda ya fi cika wannan ma'auni shi ne Skip and Loafer, na kamfanin P.A. Works, ya fito a 2023, kashi 12. Mitsumi yarinya ce mai ƙoƙarin karatu daga wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Ishikawa, ta zo babbar sakandare a Tokyo da tsarin rayuwarta a rubuce: ta karanta shari'a, ta shiga aikin gwamnati, ta koma ta gyara garinsu. Ranar farko ta ɓace a tashar jirgin ƙasa, ta makara wajen bikin karɓar sababbin ɗalibai alhali ita ce mai gabatar da jawabi. A tashar ta haɗu da Shima, yaro mai fara'a da kowa ke so, wanda ya taɓa yin wasan kwaikwayo a talabijin yana ƙarami, kuma fara'ar tasa rufi ce kan wani abu da ke cin sa. Ƙarfin shirin yana wajen 'yan mata huɗu da da farko babu abin da ya haɗa su: Mitsumi, Yuzuki kyakkyawa da ta gaji da yadda ake kallon fuskarta kafin halinta, Makoto mai ɗari-ɗari da duk wanda ya yi fice a aji, da kuma Mika. Ki sa ido a kan Mika musamman. Ta shigo ne kamar kishiyar da aka saba gani, mai son amfani da Mitsumi don ta kusanci Shima. A kashin atisayen ƙwallon raga, wasu manyan ɗalibai suka takura musu a ɗakin wasanni; Mika ta haddace sunayen waɗanda suka yi musu rashin mutunci, Mitsumi kuwa sunan wanda ya taimake su ta riƙe. Mika ta ga bambancin da idonta, ta ji kunyar kanta, kuma shirin bai mayar da ita muguwa ba, bai kuma wanke ta rana ɗaya ba. Irin aikin da aka yi wa Kurumi, kishiyar Sawako a Kimi ni Todoke, ke nan, a ganina ma na nan ya fi zurfi. Abu biyu ki sani tun yanzu. Soyayyar ba ta kai ko'ina ba a kashi 12 ɗin, ƙawance ne kusan duka. Sannan Nao, wadda Mitsumi ke zaune a gidanta a Tokyo, an haife ta namiji, tana rayuwa a matsayin mace, kuma an faɗi haka a fili cikin shirin. Gara ki sani kafin ƙanwarki ta yi tambaya.

Idan kuma abin da ya dame ki a baya shi ne jiran kashi 30 da wani abu kafin a furta magana ɗaya, to Ore Monogatari!! ne maganin wannan. Madhouse ne suka yi shi a 2015, kashi 24. Takeo ƙaton yaro ne, tsawonsa ya kai mita 2, maza na girmama shi, 'yan mata na tsoronsa, duk wadda ya so sai ta so abokinsa Sunakawa. Ya ceci Rinko daga wani mai taɓa mata a cikin jirgin ƙasa (wannan yana kashi na 1, gajere ne, an nuna shi a matsayin laifi har aka kai mutumin wajen 'yan sanda), kuma kafin ƙarshen kashi na 3 magana ta fito fili tsakaninsu. Sauran kashi 21 na yadda za a riƙe amanar juna ne. Amma ginshiƙin labarin Sunakawa ne. A kashi na 3 ake gane dalilin da ya sa yake ƙin duk yarinyar da ta zo masa: ya ji suna zagin Takeo a bayan idonsa. Daga baya ranar da za a yi wa mahaifinsa tiyatar zuciya ta faɗo daidai da ranar haihuwar Rinko, ya ɓoye damuwarsa don kada ya ɓata wa abokinsa rana. Yadda aka warware wannan ya isa dalilin kallon shirin. Rauninsa shi ne Rinko ba ta canzawa sosai, kullum zaƙi ce da gasa kek, kuma tsakiyar shirin yana ɗan maimaita kansa. Akwai kuma barkwanci a kan sumba a wani kashi, wanda za ki so ki fara dubawa ke kaɗai.

Na baya-bayan nan da ya fi kusa da ruhin abin da kike nema shi ne The Fragrant Flower Blooms with Dignity, CloverWorks, 2025, kashi 13. Makarantu biyu ne katanga ɗaya: Chidori ta maza da ake wa kallon matattarar marasa ji, da Kikyo ta 'yan mata masu daraja da suke rufe labulen tagoginsu don kada su ga maƙwabtan. Rintaro dogo ne mai fuskar da ke tsorata mutane, iyayensa na da shagon kek, a nan ya haɗu da Kaoruko 'yar Kikyo. Matsalar Sawako ce aka ɗora wa namiji: yaron kirki da ya saba a yanke masa hukunci daga fuska har ya daina kare kansa. Abin da na fi yaba masa, rashin fahimta ba ta kwana da yawa a cikinsa. Idan wani ya yi kuskure, zai je ya ba da haƙuri da bakinsa, har abokan Rintaro uku da Subaru aminiyar Kaoruko. Wasu na ganin mutanen cikinsa sun cika kirki, godiya da ban-haƙuri sun yi yawa. Gaskiya ne, amma ga mai neman abin da zai kwantar da rai wannan ba aibi ba ne.

Blue Box, kashi 25 daga 2024 zuwa 2025, na masu son wasanni ne: Taiki ɗan badminton, Chinatsu 'yar ƙwallon kwando da ta girme shi da aji ɗaya. Ta koma zama a gidan iyayensa saboda nata iyayen sun tafi ƙasar waje. Shirin bai yi wasa da wannan ta hanyar banza ba, amma rabinsa na biyu akwai soyayyar mutum uku, kuma abin da ya sami Hina, ƙawar Taiki, yana da ciwo. Tamako Market kuwa, na Kyoto Animation, kashi 12 a 2013, wasan unguwa ne da 'yan kasuwa da wani tsuntsu mai surutu. Soyayyar tana cikin fim ɗin Tamako Love Story na 2014. Kada ki fara da fim ɗin. Zai yi miki kyau, amma nauyin shekarun da Mochizo, yaron da ke son Tamako, ya yi yana kallon shagon su Tamako da ke fuskantar nasu ba zai same ki ba sai kin ga shirin. Idan kuma ƙawancen zalla kike so babu saurayi ko ɗaya, A Place Further than the Universe ne, Madhouse, 2018, kashi 13: 'yan mata huɗu da suka dage sai sun je Antatika, inda mahaifiyar ɗayarsu ta ɓace. Kashi na 12 yana sa kuka, ki shirya.

Yanzu waɗanda za a ce miki "irinsa ne" alhali akwai magana. Horimiya (2021, kashi 13, sai The Missing Pieces a 2023, shi ma 13) yana da daɗi da ban dariya, amma a kashi na 7 an nuna alamar cewa Hori da Miyamura sun wuce iyaka, kuma wasu barkwancin Hori ba na yara ba ne. Ƙari a kan haka, zangon farko ya kwashe labarin manga ɗin, wato littafin zane da aka ɗauko shirin daga ciki, gaba ɗaya da gudu har zuwa kammala makaranta, na biyun kuma ya koma ya tsince abin da aka tsallake, don haka wanda bai sani ba zai rikice da lokaci. Ao Haru Ride kamfani ɗaya ne da Kimi ni Todoke, wato Production I.G, zanen ma ya yi kama, amma kashi 12 ɗin na 2014 sun tsaya a tsakiyar hanya, manga ɗin littafi 13 ne, kuma jarumin, Kou, yana yawan yi wa jarumar, Futaba, zafi da sanyi. Orange yana da abokantaka mai ƙarfi, sai dai jigonsa yaro ne mai tunanin kashe kansa. Your Lie in April rashin lafiya ne da mutuwa da uwa mai tsanani. Duka biyun aiki ne mai kyau, amma ba su ne abin kallo da daddare don a huta ba. Toradora! kuma akwai ihu da duka na barkwanci da rikicin gida, zafinsa ya fi sanyinsa.

Ga yadda za ki tace da kanki nan gaba. Kafin ki sauke komai, ki nemi sunan a shafin intanet na MyAnimeList ki duba alamomin da aka liƙa masa. Idan kin ga "ecchi" (nuna tsiraici da barkwancin batsa) ko "harem" ('yan mata da yawa na bin saurayi ɗaya), ki wuce, ko da hoton ya yi kamar na salihai. Kada ki dogara da "shoujo" a matsayin shaidar tsabta, domin abin da yake nufi kawai shi ne mujallar da aka buga manga ɗin ta 'yan mata ce; Skip and Loafer daga mujallar manyan maza ya fito, kuma ya fi shoujo da yawa kamun kai. Sannan ki duba jerin sunayen kashi-kashi, ki nemo na hutun bazara. Shekarar karatu a Japan tana farawa a Afrilu, dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, don haka a shiri mai kashi 12 ko 13 zuwa bakin teku ko wurin iyo yakan faɗo wajen tsakiya ko gaba kaɗan. A nan ne kayan wanka ke fitowa, ko a shirin da ya fi kowane natsuwa. Ki kalli wannan kashin ke kaɗai tukuna. Ki kuma sani babu ɗaya cikin waɗannan da aka yi shi bisa tarbiyyarmu: za a ga saurayi da budurwa suna tafiya su biyu, riƙe hannu, ziyarar wurin bauta a sabuwar shekara, da fita ranar Kirsimeti. Abin da nake nufi da tsabta a nan shi ne babu tsiraici, babu kyamara mai leƙen jikin yara mata, kuma ana mutunta juna.

Ki kalla da muryar Japananci da fassarar rubutu a ƙasan allo, idan ƙanwarki na iya bin karatun. Dalili shi ne 'yan aji a Japan da sunan dangi suke kiran juna, sai an shaƙu sosai ake kiran sunan yanka, kusan kamar yadda ake alkunyar suna a gidajenmu. Ranar da jarumi ya kira jaruma da sunanta babban mataki ne a irin waɗannan labarai, kin ga yadda Sawako ta sha fama kafin ta iya cewa "Ayane-chan" da "Chizu-chan". Idan aka ɗora muryar Turanci, sau da yawa wannan bambancin yakan dushe, sai ki ga fuska ta yi ja ba ki san dalili ba.

Blue Box da The Fragrant Flower suna Netflix, inda zango na uku na Kimi ni Todoke ya fito a 2024. Skip and Loafer yana Crunchyroll. Abin da ake samu yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki bincika sunan kafin ki biya kuɗin wata. Kowane kashi minti 24 ne ko kusa da haka, wato shiri mai kashi 12 bai cika awa 5 ba, mai 24 kuma ya kusa awa 10. Ku fara da Skip and Loafer, kashi biyu a zama ɗaya ya isa, domin shiri ne da ake jin daɗinsa a hankali. Idan ƙanwarki ta fara ƙorafin cewa ba a soyayya, ku koma Ore Monogatari!!, sannan The Fragrant Flower. Horimiya ki bar shi sai ke kaɗai.